Randar Baba Dogo a Kan Tudun Gawo

Hantsi bai taɓa riskar Baba Dogo a gida ba. Da ya idar da sallar asuba sai ya ɗora wa jakinsa jarkokin ruwa, su kama hawan Tudun Gawo, doguwar jigawar nan da ke tsakanin ƙauyenmu da Sae Sabuwa. A can ƙololuwa akwai 'yar bukkar kara da ya kafa tun muna yara, da randa da moɗa a cikinta. Wanda ya taɓa hawa tudun da ƙafa ya san darajar randar nan, don ba ka kaiwa sama sai maƙogwaronka ya bushe ƙayau.

Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu da aiki yadda ya kamata. Mu dai tsokana muka iya, muna ce masa sarkin tudu marar talakawa. Amma ku tambayi Lantana mai ƙuli-ƙuli, wadda naƙuda ta kama a hanyar kasuwa. A bukkar ta haihu, shi kuwa ya gangara da gudu ya kira matan ƙauye, sannan ya koma nesa ya juya baya yana ta addu'a. Ku tambayi Iro makiyayi, wanda ya tsinta a sheme cikin zafin bazara, ya yi ta ɗiga masa ruwa a baki har ya farfaɗo.

Abin da ba mu sani ba, kuma kunyarsa ta ishe mu, shi ne idon Baba ya daɗe da rufewa. Jakin ne ke kai shi, shi yana riƙe da igiya. Bayan girbin bana jakin ya mutu. Washegari aka ga tsoho da jarka a ka, ya nausa gonar mutane, tudu yana bayansa. Da aka ce za a sayo masa wani, sai ya ce, “Jaki ana saye, amma wanda ya san hanyar hwa?”

Ranar Juma'a ya roƙe ni in kai shi ya yi bankwana. Muka hau a hankali, hannunsa a kafaɗata, yana tsayawa yana haki. Da muka shiga bukkar ya laluba randar, ya zura hannu har kafaɗa kafin ya taɓa ruwa. Hawaye suka cika mini ido.

Kai ne inuwar mai tafiyar ƙasa, Baba, kai ne ka shayar da wanda bai ma san sunanka ba. Mun gode, Allah Ya shayar da kai daga Alkausara. Ku kuma 'yan kabu-kabu da masu amalanke da ke zagaye tudun kullum, kai jarka ɗaya ta ruwa randar nan ba zai karya ku ba. Ba kowa ke da abin hawa ba, har gobe akwai masu bin yashin nan da ƙafa.

Muna shirin sauka sai muka ji muryar wata mata daga gangare, goyonta yana kuka.

“Baba Dogo, da ruwa?”

Ya karkata randar, ya kwarfe abin da ya rage a moɗa.

“Hawo, ɗiyata,” ya ce. “Na yau dai akwai.”