Hotunan Littattafan Kakanmu

Rani guda na ɗauka ina ɗaukar hoton littattafan kakanmu. Ina koyarwa a wata sakandare a Gwandu, in an tashi sai in wuce gidan Baffa, ƙanin mahaifina, wanda littattafan ke hannunsa. Yakan fito da gafaka ɗaya, ya zauna kusa da ni yana kallon hannuna, ni kuma in shimfiɗa takarda a kan farin ƙyalle in ɗauka, in juya ta, in sake ɗauka. Wasu rubutun hannun kakan ne, wasu ya gada daga malamansa. Duk wanda na ɗauka sai in zuba shi a wata manhajar tsara hotuna da ke cikin tsohuwar kwamfutata, in goge na cikin waya don in samu wuri.

Da damina ta yi nisa, aka kwana biyu ana ruwa, kwanon ɗakin karatun Baffa ya yi yoyo daidai kan akwati ɗaya. Da muka buɗe, gafaka uku sun jiƙe. Tawada ta narke, takardun sun manne, in ka ja sai su biyo yatsa. Baffa da ke tsugune ya ɗago.

"Waɗanga ka ɗauke su ko?"

"Na ɗauka, Baffa. Suna nan."

Na koma gida na kunna kwamfuta don in kai masa ya gani, hankalinsa ya kwanta. Manhajar ta buɗe, ta fara jero hotuna, sai kawai ta ɓace daga fuskar kwamfutar. Na sake buɗewa, ta sake ɓacewa. Na leƙa jakar da na saba sauke hotuna, na tarar babu ko ɗaya. Kwana uku ina zagaye ƙofar gidan Baffa ta wani lungu in zan tafi masallaci.

Ran Asabar na sa kwamfutar a jaka na shiga motar Birnin Kebbi. Har muka wuce Kambaza ina shirya yadda zan faɗa wa tsohon. Daga Birni na hau wata motar zuwa Kalgo, wurin taubashiyata, ɗiyar gwaggona, wadda aikinta kula da manyan kwamfutoci ne a wata makaranta. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Malam, mi ya kawo ka da rana haka, fuska kamar an kore ka aiki?"

Na faɗa mata. Tsokanar ta tsaya nan take, don kakan nata ne ita ma. Ta wanke hannu, ta ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno, ta buɗe wani baƙin allo da babu komai cikinsa sai rubutu. Ta buga layi biyu, sunaye suka yi ta gudu sama.

"Ga hotunanka nan," in ji ta. "Manhajar ce ta kwashe su ta kai wata ɓoyayyiyar jaka tata. Ba abin da ya taɓa su."

Na zauna a ƙasa, kan siminti. Ta miƙo mini kofin ruwa tana dariya.

Sai da na sha na tambaye ta abin da ke kashe manhajar. Ta ce a ƙasan duk abin da nake gani akwai uwar tsarin, wadda suke kira kanal, ita ke raba wa kowace manhaja wurin aiki a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kowace manhaja gani take tana da fili mai faɗi nata ita kaɗai, alhali ƙwaƙwalwar gaske 'yar kaɗan ce. Abin da ba a buƙata nan take, kanal kan tura shi wani keɓaɓɓen wuri a faifan ajiya, in an nema ta dawo da shi. To nawa keɓaɓɓen wurin ɗan mitsitsi ne. Kuma akwai iyakar yawan yankunan da aka yarda manhaja guda ta riƙe a lokaci ɗaya. Hotunana sun yi yawa, manhajar na ƙoƙarin kama su duka, tana kaiwa iyakar a hana ta, sai ta faɗi.

Ta nuna mini layin a littafin da kwamfutar ke rubuta abin da ya same ta. Sau nawa na buɗe, sau nawa ta faɗi, har da lokacin, duk yana nan.

Ta ɗaga lambar iyakar, ta rubuta ta a fayil ɗin saituna don kada ta koma yadda take in an kashe kwamfutar. Ta ware wuri mai girma a faifan. Ina leƙe ta kafaɗarta na ga wani saiti a kusa, na ce ko shi ma a canza, tunda an zo gyara.

"Kar ka kuskura," ta ce. "Wannan shi ke sauya wa manhaja mazauni a ƙwaƙwalwa duk buɗewa, don mai mugun nufi ya kasa sanin inda zai kai hannu. Ku malaman makaranta, a nuna muku abu ɗaya sai ku ce kun iya goma."

Ta buɗe manhajar. A hankali take, fankar kwamfutar na ta huci, amma ba ta faɗi ba. Shafuka suka cika fuskar, tawada baƙa da ja a kan takarda mai launin ƙasa. Taubashiyata ta tsura musu ido. Ba ta taɓa ganin rubutun kakan ba sai ranar.

Ba ta bar ni na tafi ba sai da ta kwafe komai a filashi biyu, ta riƙe ɗaya. Ta yi mini faɗa sosai kan ajiye abu irin wannan a wuri guda, na ce na ji. Muka ci shinkafa da miyar kifi, ta ce in gaida Kawunta, wato Baffa.

Bayan la'asar na isa Gwandu, ban biya gida ba. Baffa na zaure. Na buɗe masa hotunan gafakar farko cikin waɗanda suka jiƙe, ya sa tabarau, ya ce in ƙara girman shafin. Ya karanta layi biyu a bayyane, ya ce alhamdulillahi. Muna cikin wuce shafukan ya dafa hannuna. A gefen wani shafin fiƙihu akwai ƙaramin rubutun ajami a karkace, wanda ni ban lura da shi ba lokacin ɗauka. Kakan ne ya rubuta cewa an haifa masa ɗa namiji ranar Alhamis, mutane na gona ana shuka.

"Ni ne wannan," in ji Baffa. Ya ce in buga masa shafin a takarda, babba, yadda zai iya karantawa ba tabarau.