Gorar da Ta Dawo

Lokacin tawayen soja ruwan famfo ya ɗauke a layinmu na unguwar Kilomita Biyar. Rijiya ce ta rage, ni kuwa tsoronta nake, don ba ta da nisa da masai. Ɗiyata tana rarrafe, na fara haɗa mata nono da koko.

Maƙwabciyarmu, wadda nake kira Yaya, ta fara sayar da ruwan gora mai takardar Faransanci a jiki. Ta ce ƙanin mijinta ke samowa wajen Turawa masu barin gari. Ban iya karanta takardar ba, amma akwai hoton dutse mai ƙanƙara, sai na yarda. Mu manya mu sha rijiya, yarinya ta sha na gora. In ya ƙare, Yaya ta zo ta karɓi gorar, wai manja take zubawa.

Sai zawo ya kama yarinyar. Surukata ta ce haƙori ne.

"Inna, haƙori har da amai?"

"Ke dai komai abin tsoro ne. Na goyi nawa kafin a haife ki?"

Wata safiya, ana jin harbi daga cikin gari, na sayo wata gorar. Murfin ya buɗe salin-alin, babu ɗan ƙaran nan da murfin sabuwar gora ke yi. Na ɗaga ta a rana. A lungunan gindinta akwai wani kore-kore. A wuyanta kuma ga shatin ƙananan haƙora biyu, irin na ɗiyata, da ba abin da ba ta cizo. Na shinshina. Kamar kalanzir, ko kuwa hancina ne, ban sani ba.

Na leƙa ta katanga. "Yaya, wannan sabuwa ce kuwa?"

"Ke da ba ki iya karatu ba, ina kika san sabuwa?" Ta yi dariya, amma ta ja zane ta rufe kwandon da ke gefenta.

Har yau ba zan rantse cewa ruwanta ne ya jawo zawon ba. Na dai koma tafasa na rijiya a tukunya, gawayi na wuya, surukata na mita. Na riƙa ɗura wa yarinyar da cokali, da ɗan gishiri da sukari. Kafin zawon ya tsaya ta rame har awarwaronta na zamewa, amma ya tsaya. Yaya ta daina amsa gaisuwata, matan layin kuma ba su fasa saye ba.