Minti Huɗu na Baba Mai Agogo

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba sai ranar da aka kira shi gyaran fanka. Shekara goma sha tara ke nan yana haɗa wuta a gidajen mutane, da tsohuwar jakar fata a kafaɗa da testa a maƙale a bayan kunne. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne, in ya hango gajeriyar hanya sai ya bi ta.

Aikin zauren ƙwallon kwando Baba Mai Agogo ne ya samo masa. Baba aminin marigayi mahaifinsa ne, kuma shi ke zama a teburin gefen fili tun ana rubuta maki da alli. Da aka kawo allon maki na lantarki, shi ya koyi danna maɓallan, ya riƙe su kamar ransa. Kwamitin zauren ya sayo agogo biyu na ɗakunan canza kaya, waɗanda ke nuna wa 'yan wasa mintunan da suka rage na hutun rabin lokaci. Kowane agogo waya biyu yake so, ɗaya ta wuta daga babban akwatin fis, ɗaya siririya daga na'urar da ke gaban Baba.

Na ɗakin 'yan gida Injiniya ya yi shi yadda ya kamata. Na baƙi kuwa yana can ƙarshen baranda, sai an huda bango biyu kafin wayar wuta ta isa. Bayansa na ciwo, rana ta yi, ga makunnin fitilar ɗakin nan kusa da ƙofa, bai fi taku ɗaya ba. Ya jawo wutar daga nan. Ya san in aka kashe fitila agogon zai tsaya, in aka kunna ya ci gaba daga inda ya tsaya. Amma wa zai kashe fitila ana tsakiyar wasa?

Ashe akwai. Ranar wasan ƙarshe na 'yan mata, kociyar baƙi ta zo da al'adarta. In aka tafi hutu, sai ta kashe fitila, ta sa yaranta su kwanta su jingina ƙafafu a bango, ba mai magana har minti huɗu. Injiniya na tsaye a baranda yana shan ruwa, ya ga hasken ƙarƙashin ƙofar ya ɗauke. Nan take ya san agogon ya tsaya. Da ya ƙwanƙwasa a lokacin, da magana ta ƙare. Ya tsaya yana lissafin abin da zai ce, har hasken ya dawo.

Baƙi suka fito a makare, agogonsu na cewa da saura. Alƙalin wasa ya hukunta su, aka ba 'yan gida jifa kyauta, kuma da maki biyu rak aka cinye baƙin. Kociyar ta rubuta ƙara mai zafi.

Washegari kwamiti ya zo gwaji, da fitila a kunne. Agogo ya yi ta tafiya tiryan-tiryan. Shugaban kwamiti ya dubi Injiniya.

“Wayarka lafiya?”

“Kun dai gani da idonku, ranka ya daɗe.”

Bai yi ƙarya ba, haka ya riƙa gaya wa kansa. Tunda laifin ba na waya ba ne, sai aka ce na mai danna maɓalli ne, ya makara wajen tura lokacin hutu zuwa ɗakin baƙi. Aka gode wa Baba da kalamai masu daɗi, aka ba shi bargo a leda, aka zaunar da wani a kujerarsa.

Bayan kwana uku Injiniya ya koma zauren da sunan duba soket. Ya huda bangon nan biyu, ya ja waya daga akwatin fis. Minti arba'in aikin ya ci. Ya zauna a kan bencin 'yan wasa, ya ji kunyar kansa irin wadda bai taɓa ji ba. Abinci ya daina yi masa daɗi. Matarsa ta tambaye shi har ta gaji, ta ce in aljani ne ya faɗa a nemo magani.

Duk mako yana zuwa gaishe da Baba, ya zauna, ya kasa faɗa masa, ya tashi. A zuwa na uku ya tarar an lulluɓe babur ɗin tsohon da buhu a soro. 'Yar Baba ta ce ai ya daina hawa, ya kuma daina ɗauko jikarsa daga makaranta.

“Ya ce wanda ya manta maɓalli ɗaya, wata rana zai manta yarinya a titi. Har asibiti ya sa na kai shi a duba masa kai.”

Injiniya ya shiga ya durƙusa, bai ko gama gaisuwa ba.

“Baba, ba kai ba ne. Ni ne. Daga makunnin fitila na ɗauko wutar.”

Ya faɗi komai, har tsayuwarsa a baranda. Baba ya dubi tafin hannunsa.

“Kenan na danna a kan lokaci.”

“Ka danna, Baba.”

“Yaushe ka sani?”

“Tun ranar.”

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Injiniya ya ce gobe zai je gaban kwamiti ya faɗa da bakinsa, a mayar wa Baba da kujerarsa.

“Je ka faɗa, gaskiya ce. Amma ba kujerar ce ta dame ni ba. Sati uku ina kwana ina tashi da zaton hankalina ya fara barina. Ina ƙirga jikokina a zuci don in ga ko akwai wanda ya ɓace min. Kai kuma kana zuwa, kana zama a tabarmar nan, kana tambayata ya jiki.”

Baba ya ɗaga murya ya kira 'yarsa, ya tambaye ta ƙarfe nawa ake tashin yara. Ta ce saura kwata.

“Miƙo min makullin babur.”

Ya sa takalmi, ya ratsa ta gefen Injiniya ya fita, ya bar shi durƙushe a tsakar ɗaki.