Goro a Hular Baba

Shekarar da aka rage ma'aikata a ofisoshin unguwar Bonanjo, Baba na cikin waɗanda aka sallama. Masinja ne, ba wani babban aiki ba, amma da shi muke ci. Da komawa lekol ta matso, ya ce ɗaya kawai zai iya riƙewa a makaranta, ko ni ko Yayana, wanda ke gabana da aji ɗaya.

A zangon da ya wuce malamin lissafi ya koya mana cewa kafin mutum ya ce sa'arsa rabi da rabi ce, sai ya san duk abin da ke iya fitowa. Wanda bai leƙa cikin jaka ba, in ji shi, ya daina zancen sa'a. Ni kuwa in na iya abu, sai duk unguwarmu ta New Bell ta ji.

Bayan la'asar Baba ya kira mu tsakar gida, ga Kawu, ƙanen Inna, a matsayin shaida. Ya ce ƙuri'a za a yi don kada wani ya ce an yi son kai. Goro biyu ne a hularsa, ja nawa, fari na Yaya, Kawu zai zaro ɗaya, wanda nasa ya fito shi zai koma lekol. Sai na ga Baba da Yaya sun haɗa ido. Nan take zuciyata ta hau.

Na ce, "Baba, a juye hular mu gani tukuna."

Inna ta ce, "Ke, rufe mana baki."

"Wallahi ba zan yarda ba. Na san abin da kuka ƙulla, don ni mace ce."

Na fizge hular daga hannun mahaifina, a gaban ƙanen matarsa. Goro biyu suka gangara kan siminti, dukansu ja.

Ba wanda ya zage ni, ni kuwa da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Yaya ya ɗauki hular, ya kakkaɓe, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Sannan ya ce mini, "Ni na roƙi Baba. Na san halinki, in aka ce bar miki na yi ba za ki karɓa ba."

Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai. Washegari Yaya ya bi Kawu zuwa unguwar PK 14, inda Kawun yake sayar da tsofaffin tayoyi. Ina ɗaki ina jin sa yana sallama da kowa, ya kira ni, na yi kamar ina barci. Bai sake shiga aji ba.