Kwanon Gidana a Wurin Ciyayya

Shekarar da tumbina ya fara shiga tsakanina da ruku'u, likita ya auna ni, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce jini ya hau. Sai tafiyar ƙafa kullum, in rage mai da gishiri da dunƙule, in kama wake da ganye da kifi. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa likita.

Tafiyar ba ta ba ni wuya ba. Ana sallame Asuba nake kama hanyar Giade, in yi ta sauri har gidajen Azare su ƙare, in juyo sharkaf da gumi. Masu babur kan tsaya su tambaye ni ko motata ce ta mutu. Wata biyu ina wannan fama, sikeli ko gezau. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. In hau, in sauka, in cire hula in sake hawa.

Na san inda gizo ke saƙar: ciyayya. A layinmu, bayan Magariba, mu biyar magidanta muke haɗuwa a ƙofar gidan Alhaji, dattijon layin, wanda iyayensa suka zo daga Borno. Kowa ya zo da kwanon gidansa, a jera a tsakiyar tabarma, a cinye wannan a koma wancan. Ga burabuskon gidan Alhaji, ga tuwon shinkafa yana iyo cikin man shanu. Ba a tsallake kwanon kowa, domin kowane kwano da yawun matar da ta girka yake magana. Shekara goma sha biyu kwanon mai ɗakina yana komawa gida a suɗe, kuma na san tana ji da hakan ko da ba ta faɗa.

Na roƙe ta ta canza girkin. Ta amsa. Ranar farko na kai kwaɗon zogale da dafaffen wake da gasasshen kifin Katagum. Malamin makaranta da ke cikinmu ya ɗaga murfi, ya tambaya ko akuyata ta yi tafiya ne aka kawo musu abincinta. Aka kwashe da dariya, har da ni. Suka tsince kifin tas, suka bar sauran. Alhaji ya turo min tuwo gabana, ya ce in ci, ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Na taɓa loma biyu don kunya.

Haka kwanon ya riƙa komawa kusan a cike. Ta karɓa, ta juye, ta wanke. Sai wata rana ta dawo daga gidan suna take ba ni labari wai wata maƙwabciya ta tambaye ta ko faɗa muke yi, tunda ga mijinta ya fara zabgewa, ga kwanonta an ce ba mai kallonsa. Tana faɗa tana dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba.

Maganar nan ta hana ni sukuni. Ina ofis tana raina, ina kan hanyar Giade tana bina. In ce ta koma tsohon girki, ga jinina. In bar ciyayya, a ce na fara gaba da maƙwabta. Haushin su nake ji, ina jin haushin likita, na fi jin haushin kaina.

Sai na ɓullo da dabara. In an tashi, in tsaya a zauren gidana in yi ta cusa waken nan a tsaye kamar ɓarawo, in bar ɗan kaɗan don kada a gane, in share baki in shiga. Kwana huɗu ina yi. Da asuba in fita tafiya ciki a kumbure, ko rabin hanya ba na kaiwa.

Rana ta biyar ta karɓi kwanon, ta buɗe, ta miƙo min murfin, ta karkata kwanon wajen fitila.

"Baban yara, mutum biyar ba sa cin kwano ta gefe guda."

Na fara kame-kame, ta girgiza kai. Ta ce ta gane tun ranar farko, ta zuba ido ne ta ga iya inda zan kai. Maganar mata kuwa ta yi mata zafi, ba za ta ɓoye ba, har kuka ta yi.

"Amma gobe ma shi zan zuba, kuma ka dawo min da shi yadda suka bar shi. Gara kwano ya dawo min a cike, da a dawo min da kai ranga-ranga."

Ta juya ta nufi madafa. Na tsaya a tsakar gida riƙe da murfin, na rasa inda zan ajiye shi.