Gabar da Na Yi Ni Kaɗai

Shekarar da na fara noman albasa, ina malamin firamare a Bodinga, na yi gaba da ɗan kawuna wata huɗu cur, shi kuwa bai ma sani ba.

A wurin wani suna a Kajiji abin ya faru. Shi manomin albasa ne tun tasowarsa, kuma taubashina ne, tsokana tsakaninmu ba laifi ba ce. Na kai masa 'yan albasata a leda ina jiran yabo. Ya ɗaga guda a gaban mutane ya ce, "Malam, wagga albasa ta ko goro?" Aka bushe da dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa ƙarfi, amma raina ya ɓaci.

A hanyar komawa gida, bisa babur, amsoshi masu zafi suka yi ta zo mini, waɗanda da sun zo da wuri da na rufe masa baki. Na yi ta maimaita su da ƙarfi ni kaɗai, har wani mai shanu ya tsaya yana kallona.

Na san addini ya hana gaba ta wuce kwana uku, sai na nemo dabara. In mun haɗu a kasuwa ya yi sallama, sai in amsa can ƙasan maƙoshi, in karkatar da kai gefe, in wuce. A ganina azaba nake gana masa. Abin kunyar, a lokacin ni ake kira in sasanta iyayen yara a makaranta, ina ce musu kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi ƙofar gidana da ƙaramar kwalbar man shafawa.

"Malam, na daɗe ina lura da wuyanka. Kullum a karkace, muryarka ma ta shaƙe. Ka shafa wanga safe da yamma."

Na tsaya riƙe da kwalba. Da ƙyar na ce, "Wuyana lafiya lau. Fushi nake da kai."

"Da ni? Mi na yi?"

Na ba shi labarin goro. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke ƙanƙancewa a bakina. Ya yi ta tunani, bai tuna ba. Duk da haka ya kama hannuna ya ce in yafe masa, bai san ta yi mini ciwo ba. Na ce ni ma ya yafe mini.

Muka sha fura, sannan ya ce in kai shi fadamar da nake noman albasar. Ya tsuguna, ya dubi kwamin, wato fangalin da na yi sabon dashe a ciki, ya ce na cunkusa dashe kuma ruwa ya yi yawa. Na ce ai haka na karanta a littafi. Muka yi ta musu har aka kira azahar.