Inda Shelata Take Tsayawa

Ni mai shela ne. Aikin ubana ke nan. Da ya rasu, mai unguwa ya kira ni ya ce in ci gaba, na ci gaba. Ban yi karatu ba, amma abin da aka faɗa mini sau ɗaya ba na mantawa.

Wuri bakwai nake tsayawa a unguwarmu ta Gumel: ƙofar mai unguwa, bakin masallaci, rijiya, gindin tsamiya, mahauta, marina, sai kangon tsohuwar ganuwa. A nan ubana yake juyowa, ni ma a nan nake juyowa. Ba wanda ya hana ni wucewa. Babu dai kowa a bayan ganuwar, sai gonaki da kasuwar dabbobi.

Ba a daɗe da mayar da motoci hannun dama ba fari ya zo. Gero ya bushe tun yana iya gwiwa. Shanu suka riƙa faɗuwa. Mutane suka fara shigowa daga ƙauyukan Sule Tankarkar da na Gagarawa, wasu daga ƙetaren iyaka ta Maigatari, da tabarma da tukunya a ka. Suka kafa bukkokin kara a bayan ganuwa. Da farko ina iya ƙirga bukkokin daga inda nake tsaye. Kafin shekara ta zagayo na daina ganin ƙarshensu.

Na yi wa mai unguwa maganarsu sau ɗaya.

Ya ce, "Waɗannan ba nawa ba ne. Kowa da dagacinsa. Ruwa na sauka za su koma."

Ruwa ya ɗan sauka. Ba su koma ba. Ba iri, ba dabba, me za su koma su yi?

Ƙanwata tana cikinsu. A wani ƙauye take aure gabas da Sule Tankarkar. Mijinta ya kora sauran shanunsa kudu, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ta zo da 'ya'ya biyu, yarinya mai shekara huɗu da namiji na goye. Na ce ta shigo gidana. Ta ce ita matar aure ce, inda surukarta take nan za ta zauna. Na kai mata asabari da tulu.

Da bazara aka ce ƙyanda ta shiga Maigatari. Kowa ya san abin da ƙyanda take yi wa yaron da bai ƙoshi ba. Bayan kwana kaɗan masu allura suka iso da mota, da wani akwatin ƙanƙara da suke lallaɓawa kamar jariri. Shugabansu saurayi ne ɗan birni, da takarda a hannu. Mai unguwa ya sa aka kira ni.

Saurayin ya ce, "Baba, gobe Talata a kawo yara ƙofar nan. Maganin a lissafe yake, daidai da gidajen da mai unguwa ya ba mu."

Na ce, "Na bukkoki fa?"

Ya duba takardarsa. Ya ce, "Waɗanne bukkoki?"

Mai unguwa ya ce, "Mutanen ƙauye ne, sun zo cin rani."

"To rabonsu yana ƙauyukansu. Laraba da Alhamis da Juma'a can za mu bi." Ya karanto sunayen. Na ji ƙauyen ƙanwata, ranar Alhamis.

Bayan la'asar na fita. A rijiya mata suka tare ni kamar kullum.

"Mai shela, yau kuma jakin wa ya ɓata?"

Na ce, "Na mijinki. An gan shi yana bin sa da kuka."

Suka yi shewa. Na yi shelata: a saurara, gaisuwar mai unguwa, gobe a kawo yara allurar ƙyanda. Na yi ta sau bakwai. A kangon ganuwa na tsaya ina kallon hayaƙin bukkoki. Iska ma ba can take kaɗawa ba. Na rufe bakina, na gangara a matsayin ɗan'uwa, ba mai shela ba.

Na tarar da ƙanwata tana dama kunun dusa.

Ta ce, "Yaya, na ji kamar muryarka. Me aka ce?"

Na gaya mata.

"To in kawo su gobe?"

Na ce, "A'a. Na 'yan unguwa ne. Naku yana ƙauyenku, ranar Alhamis."

"Yaya, babu kowa a garin namu sai tsofaffi uku."

"Haka aka rubuta."

"Ka saka su cikin naka mana. Wa zai gane?"

Ni ban taɓa ƙara wa shela kalma ba, ban taɓa ragewa ba. Da wannan aka san gidanmu. Kuma ina gudun a kore ta a gaban jama'a, a ce mai shela ya cusa danginsa. Na ce mata, "Ki bi ƙa'ida."

Ta ce, "To, Yaya."

Talata aka yi allura. Mutane ba su fito da yawa ba. Wasu sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu, wai allurar tana sa zazzaɓi. Ina tsaye tun hantsi har azahar. Ba wanda aka tambaya ɗan gidan wa ne. Yaro ya miƙa hannu, a harba masa allurar, ya wuce yana ihu. Da rana ta yi tsaka ƙanƙara ta narke. Na ga saurayin ya ɗauki kwalaben da aka riga aka haɗa, ya tsiyaye su a gindin bango. Ya ce ba sa kwana.

Na yi tunanin in ruga in kira ƙanwata. Kafin in gama tunanin, ƙasa ta shanye maganin.

Laraba da sassafe ta kama hanya, ita da wasu mata biyar na garinsu. Wuni guda ne a ƙafa. Namijin a baya, yarinyar a hannu. Alhamis suka zauna a ƙofar dagaci, gidan da ba ko kaza a cikinsa. Suka wuni. Juma'a ma suka wuni. Motar ba ta zo ba.

Daga baya na haɗu da direban motar a tasha, na tambaye shi. Ya ce ranar Laraba ƙauye biyu suka shiga, suka tarar da kangaye, ko yaro goma ba su samu ba. Magani ya lalace, mai ya kusa ƙarewa, shugabansu ya ce a juya.

Ya ce, "Ina mutanen suka tafi ne, don Allah?"

Na nuna masa bayan ganuwa. Daga tashar ana hango hayaƙin.

Ƙanwata ta dawo Asabar, ƙafafunta sun kumbura. Yaran sun rame, tafiyar ta cinye ɗan abin da ya rage a jikinsu. A lokacin ƙyanda ta riga ta shiga bukkoki. Bukka tana jingine da bukka, tabarma ɗaya yara shida. Bayan mako biyu ta kama 'ya'yan ƙanwata duka biyun.

Namijin ya yi kwana biyar. Ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta, bai kai nauyin ƙwaryar fura ba. Masu haƙa kabari sun bar tsohon wurin, sun shiga gonar wani. Yarinyar ta tashi, amma idanunta sun yi fari. Ba ta ƙara gani ba.

Ƙanwata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar sadakar uku na zauna a bakin bukka. Ta miƙo mini ruwa.

Ta ce, "Yaya, an ce maganin ya yi saura ranar Talata."

Na ce, "Ya yi."

"An ce zubarwa aka yi."

"Zubarwa aka yi."

Ta karɓi kwanon ta koma ciki.

Tun daga ranar na ƙara wurin tsayawa na takwas, tsakiyar bukkoki. Mai unguwa ya ce wa ya aike ni. Na ce ba kowa. Ya yi tsaki ya ƙyale ni. Amma bukkokin sun zama gidajen ƙasa, wasu bukkokin suka tsiro a bayansu. Na ƙara na tara, na ƙara na goma. Garin ya fi ƙarfin maƙogwarona. Kafin shekarun aikina su ƙare aka kawo mota mai lasifika. Ita titi kawai take bi.

Ƙanwata ta rasu da daɗewa. 'Yar tata tana gidana har yau, ta yi furfura. Tana gane takuna tun daga zaure. Ta sha tambayata me ya hana motar masu allura zuwa garinsu. Na gaya mata labarin direba, da kangaye, da man da ya ƙare. Na ranar Talata ban gaya mata ba.